Izgar Kili

Tun da na dawo, duk wanda ya ga yatsuna uku a naɗe da tsumma sai ya tambaya. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela wasu sun ce kaskon mai ƙosai na taɓa a kasuwar Gwaram, wasu sun ce neman aure na je aka koro ni da bakin wuta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na ɗauko shi da baki sai in tsallake wurin da ya fi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Yayana Ɗanlami manomi ne. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar a zo a gani, amma yana da doki. Fari ne, sunansa Kili, shekararsu goma sha huɗu tare. Lokacin da kowa a Birnin Kudu ya koma babur, shi a kan Kili yake zuwa gona da ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa. In an tsokane shi sai ya ce shi ba zai hau abin da ba ya gane muryar mai shi ba.

Farkon daminar bana hawan jini ya kayar da shi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, aka kwantar da shi a ɗaki. Dokin ya dawo hannuna, ni Habu malamin firamare, wanda abin da na sani game da doki bai wuce inda kai yake da inda wutsiya take ba. Wata safiya a tsakiyar damina ina saurin tafiya makaranta, na yanko ciyawa a gefen wata gona, kore shar, na zuba masa na wuce. Ashe kwana ɗaya kafin nan, da yamma, aka yi wa gonar feshin maganin ciyawa. Wanda ya san aikin zai tambaya kafin ya sa lauje. Ni ban tambaya ba. Kwana biyu Kili yana birgima, baki yana dalala, a rana ta uku ya mutu a turkensa.

Likita ya riga ya ce kada a kai wa Yaya labarin da zai tayar masa da hankali. Da wannan na fake. Na ce wa matarsa Hajara mu ce an kai dokin Sundimina gidan iyayenta, can ciyawa ta fi yawa. Kullum da safe in shiga gaishe shi, ya ɗago hannun hagu, da harshensa mai nauyi ya ce, "Kili fa?" Ni kuma in ce, "Yana nan lafiya, Yaya, har ƙiba ya yi." Wata biyu cur ina wannan magana.

Kafin a fitar da gawar dokin, Hajara ta sa almakashi ta yanko izgarsa, wato dogon gashin wutsiya, ta naɗe a wani tsohon ɗankwalinta. Ita ma ba ta san me za ta yi da ita ba. Malamin dabbobin da ya zo duba Kili ne ya ce mana akwai wata mata a gaba da Basirka, tana ɗora izga a kan tukunya mai zafi, gashin ya ƙone ya bar zane, mai doki ya ajiye. Na yi dariyar abin a lokacin. Da kaka ta fara shigowa na ga Yaya yana ta ramewa, kokon ma sai an matsa masa, dariyar ta ƙare. Tsoro nake ji ya mutu da ƙaryata a kunnensa, kuma tsoro nake ji in shiga in gaya masa gaskiya hannu rabbana. Na karɓi ɗankwalin na sa a jaka, na ce masa aikin makaranta zai kai ni Gwaram kwana biyu. Ƙarya ɗaya ta ƙaru.

A tasha mun fi awa biyu muna jiran mutum ɗaya bas ta cika. Kwandastan ya so ya jefa jakata sama tare da buhunan albasa, na hana. Ya ce, "Malam, zinare ne a ciki?" Na ce ko kusa, na rungume abata. An dunƙula mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata ɗaya a jikin akurkin kajin wata tsohuwa. Gero an girbe, dawa ta sunkuya, amma hanya ruwan bana ya cinye ta. A wata kwalbati da ta rufta aka sauke mu, muka ratsa ta cikin laka da takalma a hannu, bas ta zagaya ta gonar wani bawan Allah wanda ya tsaya yana kallon tayoyi suna tattake masa wake. A cikinmu ba wanda ya ce masa sannu.

Mun sauka Gwaram ranar kasuwa. Na zauna a rumfar mai shinkafa da wake, an zuba mini da mai da yaji, ina ɗaga kai sai ga rumfar da ke fuskantata cike da jarkokin maganin feshi, an jera su reras, mai su yana ta kirarin cewa nasa ba ya barin ko tsinke a gona. Gaskiya ya faɗa. Na rufe kwanon na miƙa wa mai abincin, na ce cikina ne ba daɗi.

Daga Basirka sai babur. Ɗan acaɓan ya san matar. Ya ce, "Maman Talatu mai tukwane? Ai ta tsallaka iyakar Bauchi kaɗan." Iyakar kuwa ba komai ba ce illa igiya da aka gitta a hanya an rataya mata tsummoki, da katako mai ƙusoshi, da 'yan sintiri biyar a inuwar ɗorawa. Ana satar shanu a yankin, don haka duk baƙo sai an buɗe kayansa. Babbansu, wani dogo mai bindiga harbi-ka-ruga a kafaɗa, ya zazzage jakata. Ɗankwalin ya faɗo ya warware, farin gashi ya bazu a ƙasa.

Ku da kanku kun san abin da mutanenmu za su ɗauka in sun ga baƙon namiji da gashi a naɗe cikin ɗankwalin mace.

"Gashin wace tsohuwa ne wannan?" in ji dogon.

"Na doki ne, ranka ya daɗe. Dokin yayana."

"Ina za ka da shi?"

"Zan kai a ƙona shi a jikin tukunya."

Sai da maganar ta fita na ji yadda ta sauka. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani ya ce shi ya taɓa jin irin wannan, ana yi don a haukata mace. Gashin ya shiga yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya zara ya duba ya yar. Dogon ya ciro tsagi guda mai kauri, ya ƙyasta ashana wai zai gane na mutum ne ko na dabba. Ina tsaye ina kallo ya ƙanƙance ya zama toka.

Wani dattijo ne ya zo a kan keke, ya sauka ya karɓi sili ɗaya, ya ja shi tsakanin yatsu. Ya ce, "Ku dai yaran yanzu. Wannan izga ce. Da ita muke ɗana wa kurciya tarko muna yara. Wane ɗan Adam ne yake da gashi mai kaurin zaren buhu?" Ya san Maman Talatu, ya san aikinta, ya yi musu bayani. Dogon ya ce in yi haƙuri, aiki ne. Na durƙusa ina tsintar sili ɗai-ɗai a cikin rairayi. Da na haɗa na naɗe, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Dattijon, Malam Buba, shi ya sauke ni a zaurensa. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa miyar kuka da ƙwaryar nono, na ci don kunyarsa. Ya tambaye ni yadda dokin ya mutu, na ce ciwon ciki. Ya jinjina kai ya ce shi ma ya taɓa yin doki, shekara uku da suka wuce ɓarayi suka kora shi tare da shanunsa tara. Ya ce, "Kai ka yi sa'a, Malam, kana da abin kai mata. Ni ko sili ɗaya ba su bar mini ba. Turken ma na tumɓuke, don kullum sai na yi tuntuɓe da shi." Ya shimfiɗa mini tabarma ya shiga gida. Sauro ya yi abin da ya ga dama da ni.

Da hantsi ya raka ni ƙofar gidanta. Maman Talatu Kirista ce, 'yar kudancin Bauchi, ta kai shekara sittin. Aikin asibiti ya kawo mijinta ƙauyen, ya rasu a nan, ita kuma ta ƙi barin kabarinsa. Randa da tulu da kasko take ginawa don kasuwa. Aikin izga kuwa a Jos ta koyo, wurin wasu magina da ta yi wa aiki tana budurwa, kuma sai a shekara ba ta yi wa mutum uku ba.

Ta kawo mini gwaten acca da yakuwa da gauta, abin da ban taɓa ci ba. Ta ga ina jujjuya cokali, ta ce, "Ci, Malam, babu nama a ciki balle ka tambayi wanda ya yanka." Kunya ta kama ni na ci. Tsami ne da ɗaci-ɗaci, amma ya zauna mini a ciki fiye da duk abin da na ci a wata biyun nan.

Ban ɓoye mata abin da ke raina ba. Mu a wurinmu in doki ya mutu, a ja shi bayan gari, a ce Allah ya mayar da alheri, a rataye sirdi, shi ke nan. Ajiye gashin mataccen abu a jikin tukunya ya yi mini kama da abin da malamai suke hanawa. Ta ce, "Ba a roƙonta komai, ba a zuba mata komai. Kallo kawai ake yi, kamar hoton da ke bango." Sannan ta ƙara da cewa tukunyar ba ta riƙe ruwa, in aka zuba zai tsatstsafo ya ɓata zanen, kuma ba a wanke ta, ba a barin ta a rana. Na yi tunanin abin da mahaifiyarmu za ta ce da tana raye, a ce mata an yi tafiyar yini guda don tukunyar da ba ta cin ruwa ba ta hawa murhu.

Ta fito da tukwane guda uku, ƙanana, kowace ba ta wuce girman kwakwa biyu ba. An shafe su da farar ƙasa, an goge da dutsen rafi har suna sulɓi. Ta jera su a cikin wani duro da ta yi wa ɗaɓen yumɓu, ta hura wuta a ƙarƙashi. Muna jira tana tsefe izgar a kan faifai, tana ware ta sili-sili.

"Wa ya rage ta haka?" ta tambaya.

Na ba ta labarin igiya. Ta yi tsaki kawai.

Sai ta gaya mini ƙa'idarta. Ita za ta ciro tukunyar da awartaki ta ajiye a kan bulo, amma ba ita za ta ɗora gashin ba. Mai doki ne yake ɗorawa da hannunsa, in ba ya nan, sai wanda ya kawo. In tukunyar ta cika zafi gashin zai kama da wuta bai bar komai ba, in ta huce zai kwanta kawai bai ƙone ba. Tsakanin biyun ɗan lokaci ne, bai fi a sha kofin ruwa a ajiye ba. Na ce ni ban iya ba, ta yi mini. Ta ce, "In na yi, tukunyata ce za ka kai masa. Ba ita ka zo nema ba."

Bayan azahar ta buɗe duron. Ta farko tana fitowa iska ta buge ta, ta ce ƙas, ta rabe biyu a kan bulo. Maman Talatu ta ture gutsattsarin da ƙafa ba ta ko dube su ba, ta ce haka suke yi wani lokaci.

Ta ciro ta biyu. Ta gwada sili ɗaya a gindinta, ya nannaɗe ya bar baƙin layi. Ta ce, "Yanzu." Ni kuma tsoron kada ta huce ya rufe mini ido. Na damƙi izga cike da hannu, kamar mai zuba wa dabba ciyawa, na kifa a kai gaba ɗaya. Wuta ta tashi fuu, hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin gashi ya cika gidan. Da ya lafa, babu zane ko ɗaya, sai baƙin tabo faffaɗa kamar gindin tukunyar tuwo.

Na dubi faifan. Abin da ya rage bai fi sili ashirin ba.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban yi niyyar magana ba, ta fito da kanta. Na gaya mata ba ciwon ciki ba ne, ni ne na yanko ciyawar, saurina ne ya kashe shi. Na gaya mata wata biyu ina cewa yayana dokinsa ya yi ƙiba. Na yi kuka a gaban matar da ban taɓa gani ba sai ranar, ni da furfura a gemuna.

Ba ta lallashe ni ba. Ta ƙara icce ɗaya a wuta, ta ce, "Saura ɗaya, Malam. Sili ɗaya za ka ɗauka, ka riƙe bakinsa biyu, ka kwantar, ka jira ya gama tafiyarsa kafin ka ɗauki wani. In ta huce da saura a hannunka, ta huce. Kada ka yi sauri."

Ta ciro ta uku. Ba ta fashe ba. Na ɗauki sili ɗaya na kwantar a kafaɗarta. Yana taɓa ta ya motsa kamar mai rai, ya lanƙwashe, ya gangara, ya bar siririn layi baƙi ƙirin mai karkace-karkace. Abin ya ba ni mamaki, farin gashi ya bar baƙin zane. Na ɗauki na biyu, na uku. Zafin yana dukan fuskata. Da na zo kan gajerun, sai da na kai yatsuna har jikin tukunyar kafin su kwanta, na ji fata tana kamawa, ban ɗaga ba. Sha ɗaya suka hau. Na sha biyu ya kwanta bai ƙone ba, ta ce, "Ya isa."

Ta tsoma mini hannun a ruwan randa, ta shafa mini zuma ta naɗe. Da tukunyar ta huce ta goge tokar da tsumma mai laushi. Ba ta cika zane kamar waɗanda ta nuna mini nata ba, gefe guda ma fari ne fat. Amma layukan sha ɗaya suna nan, kowanne da hanyarsa.

Washegari ta sa mini ita a ƙwarya cike da ƙaiƙayi, na ɗaure da ɗankwalin Hajara. A wurin igiya dogon nan ya gane ni, ya ɗaga mini hannu, bai buɗe komai ba. Na ratsa kwalbatin da ƙwarya a ka kamar mai tallan fura, fasinjoji suna yi mini dariya. Duk ramin da bas ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. La'asar sakaliya na shiga gida.

Ban tsaya wanke ƙafa ba, don na san in na tsaya zan fasa. Yaya yana kwance, ya ƙara zubewa a kwana biyun nan. Hajara tana bakin gado da kofin koko. Na durƙusa na kwance ƙwaryar, na ɗora masa tukunyar a ƙirji, na kamo hannunsa na hagu na aza a kai. Ya daɗe yana kallonta. Ya bi layi ɗaya da ɗan yatsa tun daga wuya har gindi. Sannan ya kai ta hancinsa ya shinshina.

Na ce, "Yaya, izgar Kili ce. Kili ya mutu tun tsakiyar damina. Ni na yanko masa ciyawar da aka yi wa feshi. Ba a kai shi Sundimina ba."

Hajara ta ajiye kofin ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa bai motsa ba. Maganarsa tana fita da ƙyar, sai na matso da kunnena.

"Na sani."

Na ɗago na dube shi.

"Ƙafata ce ta mutu, Habu, ba kunnena ba. Kwana biyu ina jin sa yana dukan ƙasa. Na ji amalanken da kuka kawo, na ji kuna cewa a ja a hankali kada in ji." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Kullum in tambaye ka, ko yau za ka yi mini gaisuwar dokina. Kullum ka ce ya yi ƙiba."

Na ce, "Ka yafe mini, Yaya."

Ya sake bin wani layin da yatsa, a hankali, har ƙarshensa.

"Ciyawar na yafe tun ranar. Ba ka sani ba ne." Ya rufe ido. "Wata biyun nan kuwa, ka bar ni tukuna."

Na ce to. Na so in ɗauke tukunyar kada ta faɗo, ya ƙara matse ta da hannun, na bar masa.

Kwana tara ya ƙara a duniya. Kullum da safe ina shiga in gaishe shi, ya amsa, tukunyar tana gefen matashinsa, in zauna kaɗan ko zai ce wani abu, in tashi. Ranar Talata da hantsi ina aji ina koyar da lissafi aka aiko in zo gida. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.